Turamen Bidi

A layin masu keken doki, in doki ya kwanta ciwo ba a rasa likitoci. Kafin a ce me, maza goma sun kewaye shi, kowa ya ɗage masa leɓe, ya leƙa haƙoran gaba, ya girgiza kai kamar wanda ya karanta mugun labari. Wannan ya ce tsutsar ciki ce, wancan ya ce kambun baka, na uku ya ce tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani. A cikinsu duka babu wanda ya taɓa zura hannu ya wuce inda linzami ke zama. Wadda ta san abin da ke can ciki mace ce, shi ya sa ta yi shekara ashirin a layin ba wanda ya tambaye ta ko sau ɗaya.

'Yar Barga ake kiranta, kuma ba don yabo aka laƙaba mata sunan ba. Ubanta ma'aikaci ne a bargar filin tsere. Shi ke wanke dawakin masu hali, ya share musu turke, ya ba su abinci. Ɗaki ɗaya aka ba shi a bayan barga, bango ɗaya ya raba su da wata goɗiya mai tari. Uwarta ta rasu tana da shekara shida, uban bai da wanda zai bar wa ita, sai ya riƙa yawo da ita daga turke zuwa turke. In ta shiga aji yara su toshe hanci. Ita kuwa tana da shekara goma ta iya kama harshen doki. Akwai wani fili da Allah ya bar wa doki babu haƙori, tsakanin na gaba da na ciki. Ta nan take sa yatsu ta jawo harshen gefe ta riƙe, uban ya zura hannu kusan gwiwa yana lalube.

"Na gaba na 'yan ciniki ne," in ji shi. "Da su ake ƙirga shekaru, da su ake ƙarya. Ran doki yana turamensa na ciki. In turmi ya lalace, ko buhu nawa kika zuba, asara kika yi."

A hannunta aka haifi Bidi, jikan goɗiyar nan mai tari. Ya fito gajere, mai faɗin ƙirji, ba ƙirar tsere ba. Da tsohon zai bar aiki sai mai dokin ya ce ya tafi da shi. Bayan shekara uku ta auri Mai Keke, uban ya jawo dokin da kansa har ƙofar gida, ya miƙa wa angon ragama. Nan tsohon ya yi kuskure, Allah ya jiƙansa. Da 'yarsa ya miƙa wa, da ya fi. Tun daga ranar Bidi ya zama dokin gida, keken kuwa na gado ne tsakanin Mai Keke da wansa, Yaya Babba. Haka Yaya Babba, wanda bai taɓa sunkuyawa ya kwashe kashin doki ba, ya zama mai magana a kan dokin da aka haifa a hannun wata.

Shekara ashirin da ɗaya Bidi na jan kaya daga tashar manyan motoci zuwa kasuwa: albasa, kabeji, kwandunan tumatir, ta lungunan da mota ba ta shiga. A tsakani akwai gada mai dogon hawa, inda ake gane dokin ƙwarai. Da wuyansa aka ciyar da gidan, aka yi wa yara huɗu karatu. Ita kuwa 'Yar Barga aikinta shara, ban ruwa, da wanke masa ƙafa. In ana hirar doki a ƙofar gida, nata ta kawo ruwan sha ta koma.

Shekarar da ya cika ashirin da huɗu ya fara zubewa. Awazu suka fito, ana ƙirga su daga bakin ƙofa. Ƙashin kwankwaso ya tsaya kamar maratayin riga. Rannan a tsakiyar hawan gada ya tsaya cak da lodin albasa, sai da 'yan dako suka turo keken.

Likitocin layi suka taru. Aka ɗura masa maganin tsutsa sau uku a wata guda har ya kama zawo. Aka jiƙa kanwa. Wani ya kawo gari a ƙullin leda ya ce na ƙarin jini ne. Yaya Babba ya yanke hukunci cewa yunwa ce, wato matar gida ba ta ba shi isasshe, ya sa aka ninka masa hatsi. Kullum a cika masa baho da tsabar dawa da masara. Doki ya ci gaba da ramewa. Kajin gidan kuwa, da na maƙwabta, suka yi ƙiba har ba sa iya hawa katanga.

Mai share turke ita ta san dalili. Kajin ba baho suke bi ba, bayan doki suke bi. Tsabar tana fita a kashinsa yadda ta shiga, ko fasa ta bai yi ba. A gindin baho kuma kullum tana tsintar dunƙulen ciyawa, tsawon ɗan yatsa, jiƙe da yawu, an murɗa an tofar. In yana ci sai ya karkata kai gefe kamar mai sauraron gulma. Bakinsa kuwa, in ya busa maka numfashi sai ka ja baya.

Ta gaya wa mijinta. Mai Keke mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan da ba ya tsinana wa kowa komai. Ya sosa ƙeya ya ce, "To, bari Yaya ya zo."

Yaya ya zo da rakiyar masu keke uku. Ta ajiye musu ruwa, wannan karon ba ta koma ba.

"Yaya, turamensa ne suka lalace."

Yaya Babba ya juya ya dubi mutanensa. "Kun ji ko? Mace dai mace ce. Ana zancen doki, ta kawo mana turmi. Saura taɓarya da rariya."

Ɗaya ya ce, "Sai a kai shi wurin masassaƙi ke nan."

Suka bushe da dariya, har da mai buga cinya.

"Turmin baki nake nufi, Yaya," ta ce. "Irin waɗanda aka cire muku biyu bara."

Dariyar ta ɗan yanke. Ba wai ba su san kalmar ba, kowannensu da turamensa yake tauna nama. Amma dariya ta fi musu sauƙi a kan su yarda mace ta faɗi daidai. Yaya Babba ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce shi ya gama magana, zai kira dillali.

Dillalin da mota yake zagaye yana kwasar gajiyayyun dawaki. Kowa ya san mahauta yake kai su, ba dai a faɗa a gaban doki. Ya zo ranar Talata da hantsi, ya ɗage wa Bidi leɓe, ya ce wannan ya ga jiya ya ga yau. Ya mintsini cinyarsa, ya taɓe baki.

"Ƙashi da fata. Ko na ɗauka, wurin wani zai cinye mini a mota. Ku ɗan ciko shi, bayan wata biyu zan biyo ta nan."

'Yar Barga tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ta jingine ta, ta je ta kama harshen Bidi ta jawo gefe, ta zura hannu a gaban kowa. Da ta zaro, tafinta cike yake da ruɓaɓɓiyar ciyawa, baƙa, mai jini-jini. Dillali ya ja da baya yana toshe hanci.

"Yaya, ku sa hannu ku ji abin da ke ciki."

"Ni? Allah ya kiyaye. Hannun nan da shi nake cin abinci."

"To tunda ciko shi za a yi, a bar mini shi. Amma in ya tashi ya ja keke, ba inda za shi."

"Ya ja keke ko ya ja ƙafa?" Yaya Babba ya yi murmushin wanda ya ga riba ta kowane gefe. "Na ji. In ya hau gada da cikakken lodi, ba turi, ba bulala, na bar miki shi. In ya tsaya, ranar zai hau mota. Kuma ba na son kuka."

"Ban yi kuka ba ranar da aka kawo ni gidan nan, balle yanzu."

A duba abin haushi. Ba don sun yarda da ita suka bar mata dokin ba. Sun bari ne don ta yi wa dillali kiwo kyauta.

Ta fara da wanki. Ta samo gorar roba, ta huda murfin da ƙusa mai zafi, ta cika da ruwan ɗumi da gishiri kaɗan, daidai ɗanɗanon hawaye. Ta sunkuyar da kan dokin don kada ya shaƙe, ta sa bakin gorar ta gefe ta matsa. Abin da ya zubo ranar farko ba ya faɗuwa. Tsufa ya buɗe giɓi tsakanin turamen, ciyawa ta cushe a ciki ta ruɓe, dasashi ya kumbura. Da ɗan yatsa da tsohon burushi ta riƙa zaƙulowa, safe da yamma. Cikin kumatunsa duk tsaga ne, kamar an bi da reza.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda aka nuna wa. Haƙorin doki ba ya daina fitowa, tauna ce ke cinye shi. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, don haka gefen waje na turamen sama ba ya samun abokin guga, sai ya yi kaifi kamar fasasshiyar kwalba ya riƙa yankar kunci. Na ƙasa kuma ta ciki suke kaifi, su yanki harshe. Dokin yana jin yunwa, yana ganin abinci, kowace loma kuwa azaba ce.

Sai abinci. Ta ɗauke bahon tsaba, kaji suka yi zaman makoki. Ta jiƙa dawa har ta yi laushi, ta zuba a turminta na girki ta daka. Ta tsince ganyen harawa ta jefar da kara, shi ma ta daka. Ta haɗa da dusa da ruwan ɗumi, ɗan gishiri, da man gyaɗa cokali biyu, ta dama har ya zama abin da ko jariri zai haɗiya. Ba ta cika masa baho. Kaɗan-kaɗan, sau biyar a yini, don cikin da ya daɗe da yunwa ba a yi masa gaggawa.

Mai Keke ya tarar da ita tana daka, gumi na ɗiga daga haɓarta, ya ce, "Wannan aiki zai kashe ki."

"Turminsa ya gaza, nawa bai gaza ba. Matsa ka ba ni iska."

Maƙwabciyarta mai ɗinki ta leƙo ta katanga. "Maman yara, yau ma angon ake wa daka?"

"Shi ne. Ya fi naki angon godiya."

Amma ta san daka ba za ta sa shi ya hau gada ba. Muddin kaifin nan yana nan, da an sa masa linzami ciwo zai dawo. Ubanta yana da wani magagari mai dogon hannu da yake goge haƙoran dawaki, amma na barga ne, can ya bar shi. Ta yafa mayafi ta nufi maƙera.

"Sarkin maƙera, magagari nake so, mai hannu daga nan zuwa nan." Ta nuna daga yatsunta zuwa hammata.

Maƙerin ya ajiye guduma. "Ƙofa za ki goge daga nesa?"

"Haƙori."

"Na wa? In na surukinki ne, kyauta zan yi miki."

"Nasa sun ƙare. Na doki ne."

Ya yanko guntun magagari, ya liƙa shi a ɗan karkace a kan sandar ƙarfe, ya naɗe mariƙin da robar taya. Ta shafa a bayan hannunta, ta mayar masa. Ya yi kaushi, ta ce, wannan sai kofato. Na biyu ta ce kusurwoyinsa za su huda kunci. Sai a na uku ta karɓa, maƙerin yana rantsuwa cewa ko mai gyaran agogo bai kai ta tsirfa ba.

Ranar da za a fara guga ta sa mijinta ya riƙe ragama. Kafin ta ɗauki magagarin, ta kama harshen dokin da hannu ɗaya, da ɗayan ta cafko hannun Mai Keke ta tura ciki.

"Bi ta gefen kunci. A hankali."

Ya zaro hannu da sauri. Jini ne a kan ɗan yatsansa. Ya tsaya yana kallon jinin, yana kallon dokin.

"Wannan abin ne a bakinsa?"

"Shi ne. A kansa kake ja masa linzami."

Ya shafe jinin a rigarsa. Daga ranar ba ta sake roƙonsa ya riƙe mata doki ba, shi ke riga ta zuwa turke.

Guga ba ta zo da sauƙi ba. Da ƙarfe ya taɓa haƙori Bidi ya yi tsalle ya kusa ɗaga Mai Keke sama. Ta ajiye, ta shafa masa geza, ta yi masa ɗan fiton nan da ubanta ke yi wa dawaki, ta sake. Ta goga sau goma ta tsaya, gobe a ƙara. Ba haƙorin take so ta cinye ba, kaifin kawai. A rana ta huɗu harshen ya suɓuce mata, ya datse mata babban yatsa, farcen ya yi baƙi daga baya ya fita. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. A rana ta shida da ta zura magagarin sai dokin ya lumshe ido ya jingino da kansa, kamar mai cewa nan ma, nan ma.

Sati na uku abu ya juye. Ya ƙi taɓa ko damammen abincin. Ƙarƙashin muƙamuƙinsa na dama ya kumbura kamar ƙwai, da zafi. Ta laluba ta ji wani turmi na ƙasa yana girgiɗi, wari kuma ya dawo sabo. Yaya Babba ya biyo ya gani, ya ce da ma ya faɗa, an je ana wasa da bakin dabba da ƙarfen maƙera. Maƙeri da ya ji labari ya zo da awartaki a hannu, ya ce minti ɗaya ya fizge shi.

"Mayar da abinka," ta ce. "Guga ta gida ce, cirewa ta likita ce. Da awartaki ake karya muƙamuƙi."

Asibitin dabbobi yana can ƙarshen gari. Da ƙafa suka tafi, ita a gaba da ragama, mijin a baya da jarkar ruwa, suna tsayawa duk inda inuwa take. Likitar wata siririya ce mai tabarau, ba ta wuce sa'ar babbar 'yarta ba. Ta yi wa dokin allura ya yi laƙwas, ta sa masa wani ƙarfe da ya riƙe bakin a buɗe, ta haska tocila. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya goge waɗannan?"

Mai Keke ya fara murza hula. "A yi haƙuri, likita, a gida ne aka ɗan…"

"Ban ce a ba ni haƙuri ba, Baba. Cewa na yi wa."

"Ni ce," in ji 'Yar Barga.

Likitar ta dube ta ta saman tabarau. "Mama, kin bar ƙugiya ɗaya can ƙarshe ta hagu, inda hannu ba ya kaiwa. Zan sauke ta. Sauran kuwa, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Kuma kin kyauta da ba ki taɓa wannan mai girgiɗin ba."

Ta cire shi, baƙi ƙirin, saiwar ta ruɓe. Ta ba su maganin kwana biyar, ta ce a ci gaba da ruwan gishiri da damammen abinci. A hanyar dawowa Mai Keke ya tare mutum uku daban-daban ya maimaita musu abin da likita ta ce, kalma-kalma. 'Yar Barga ta ce masa ya bari, dokin ya gaji da tsayuwa.

Bayan kwana huɗu kumburin ya sace. Bidi ya lashe baho har yana ture shi da hanci yana neman ƙari. Dunƙulen ciyawa suka daina faɗuwa, kashinsa ya fito sumul. A sati na biyar ya yi haniniya da ya ji ƙarar taɓarya, abin da ya yi shekara bai yi ba. Ba ta bar shi ya yi ƙibar banza ba, don ƙibar banza ita dillali ke so. Kowace safiya Mai Keke ya ɗaura masa keke babu kaya su zaga layi, sannan da buhu biyu, sannan da rabin lodi. Bai koma saurayi ba, ƙarya ba ta da amfani. Awazun suna nan in ka shafa. Amma kwankwaso ya cike, gashi ya kwanta, ido ya buɗe.

Dillali ya cika alkawari. Ya ajiye motarsa a gindin gada, da dawaki biyu a ciki da wurin na uku. Masu keke suka bar lodi suka taru, 'yan dako suka hau kan shinge, har mai ɗinki ta rufe shago. Yaya Babba da kansa ya tsaya a kan lodi a tasha. Da aka gama jera albasa yadda aka saba, sai ya ce a ƙara buhu biyu.

"Yaya, lodin da aka saba aka ce," in ji Mai Keke.

"Cikakke na ce."

"Wannan shi ne cikakke. Shekara ashirin ni nake lodin." Ya hau da kansa ya sauke buhunan biyu. Tunda aka haife shi bai taɓa musa wa wansa a gaban mutane ba sai ranar. Yaya Babba ya ja gefe.

Mai Keke bai hau ba, ya bi gefe da linzami sako-sako. Ita tana ɗaya gefen, hannuwanta cikin mayafi, don kada a ce ta ja shi. Bidi ya shiga hawan da kai a ƙasa, kofato na kama kwalta, keken na ƙara. Ya wuce fitilar farko, ya wuce ta biyu. A daidai inda ya tsaya wancan karon, ya tsaya.

"Ya tsaya," Yaya Babba ya ce, yana ɗaga hannu wa dillali. "Kowa ya gani."

"Numfashi yake," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ku ma a nan kuke hutawa, Yaya, kuma ba ku jan komai."

'Yan dako suka kwashe da dariya. Keken bai ja baya ba ko taƙi ɗaya. Dokin ya tsaya ƙafafu a kafe, haƙarƙari na hawa da sauka. Ita kuwa ta cije leɓe har ta ji gishiri. Wani ɗan dako ya diro zai sa kafaɗa, ta harare shi ya koma. Bidi ya busa hanci, ya tauna linzami sau biyu, da dukkan bakinsa, ba karkata kai. Sai ya sunkuyar da wuya ya ja. Bai sake tsayawa ba sai a kan gada, inda iska ke kaɗawa, ya juyo yana neman ta.

Masu keke suka yi ta tafi kamar su suka daka. Yaya Babba ya iso sama yana haki, ya dafa ƙarfen gada.

"Ai da ma na ce yunwa ce."

"Yunwa ce, Yaya," ta ce. "A gaban cikakken baho."

Ba ta tsaya jin amsa ba. Ta ce wa mijinta a kai albasar mutane, rana na yi.

Bidi ya ƙara shekara biyu yana aiki, rabin yini kawai, don haka ta yanke kuma ba wanda ya musa. Ya yi wasu uku yana hutawa a turkensa, ya mutu a gida da cikinsa cike. Kafin nan labari ya riga ya bazu. Na farko da ya kawo dokinsa shi ne mai zancen masassaƙi, ya tsaya a ƙofa yana kame-kame wai hanya ce ta biyo da shi. Bayansa wasu suka biyo, har daga layin masu yashi da na masu itace. Ranar da ba kasuwa za ka ga dawaki biyar, shida, ɗaure a jikin katangarta. Wanda na guga ne ta goge. Wanda na likita ne ta kora shi asibiti, ko zai yi fushi ya yi. Matan layi kuma suka koyi jiƙo da daka, don ta ce ita ba za ta daka wa dokin kowa ba, kowa da turminsa a gida. Har yau akwai masu cewa Mai Keke ne ke aikin, matar taya shi take. Shi kansa ya gaji da ƙaryata su.

Wata Talata dillalin ya tsayar da motarsa a ƙofar gidan, bayanta fayau babu ko doki ɗaya. Ya tarar da ita hannu cikin bakin wani tsohon doki akawal, ya tsaya har ta zaro.

"Hajiya, zagaye na uku ke nan ina fita layin nan haka. In kika ci gaba, me zan riƙa ɗauka?"

Ta ɗauraye hannu a bokiti, ta yarfe.

"Albasa," ta ce. "Ana neman mota a tasha."